Baffa Iro da 'Yan Gadinsa

Duk wanda Baffa Iro ya taɓa shiga gidansa a Malumfashi ya san yadda abin yake. Zai yi sallama, ya tuɓe takalmi, a shimfiɗa masa tabarma, shi kuwa ya wuce ta kamar bai gani ba, ya nufi inda rediyo yake. Ya ɗaga shi, ya juya bayansa, ya kai hanci ya shinshina. Sai ya gama wannan tukuna zai waiwayo ya ce, "Ina kwananku? Ya iyali?" Ko gidan makoki ne bai tsira ba. Na taɓa raka shi ta'aziyya garin Ƙarfi, ana cikin addu'a na ga idonsa ya kafe a kan wani rediyo da ke rataye jikin ƙusa. Sai da na danne masa gefen riga da gwiwata har aka shafa.

Ni ne Rabe, ɗan wansa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a hannun Baffa da matarsa Inna Hure na tashi, su kuwa Allah bai ba su haihuwa ba. Saboda haka in na yi masa dariya a nan, dariyar gida ce, kuma ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba.

Rumfarsa tana bakin kasuwa, jikin ta Malam Sada tela, abokinsa kuma abokin faɗansa. Tun kafin a jawo wuta unguwarmu yake gyaran rediyo, irin na batir, yana zafafa ƙarfen narka dalma a garwashi. Da wuta ta zo, cikin shekarun saba'in, babu wanda ya kai shi murna. Ba a daɗe ba, wata ranar kasuwa da hantsi, ya jera rediyoyin mutane da ya gama gyarawa, duk a jone, kowanne na magana, don masu su in sun zo su ji da kunnensu. Sai ƙwan da ke rataye a rumfar ya yi wani irin haske fari fat, ya fashe. Rediyoyin suka yi shiru lokaci guda, hayaƙi ya turnuƙe. Wuta ce ta zo da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida. Malam Sada ya ce da ya leƙo, ya tarar da Baffa tsaye da ƙarfen dalma a hannu, baki buɗe, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ranin nan kaf ya ƙare shi yana sake gyaran kayan mutane kyauta, wasu kuma ba su tashi ba har abada.

Daga nan ya canza. Ya tafi Kaduna wajen masu sayar da kayan gyara, ya dawo da wani ɗan gwangwani a aljihu. Abin da ke ciki kamar maɓallin riga ne, ja, mai ƙafafu biyu na waya. Sunansa na Turanci Baffa bai taɓa yarda ya faɗa ba, ya ce ba zai wahalar da harshensa a banza ba. Shi ɗan gadi yake ce masa. Ana liƙa shi ne a cikin rediyo daidai inda wuta ke shigowa, bayan fiyus, ɗan kwalbar nan mai siririyar waya a ciki. In wuta ta zo daidai, ba ruwansa, barci yake. In ta zo da hauka, sai ya buɗe mata hanya ta jikinsa maimakon ta afka cikin rediyon, fiyus ya tsinke, wani lokaci shi kansa ɗan gadin ya ƙone. Ka canza su, kayanka lafiya lau. In ka tambaye shi me ya sa yake wannan wahala, amsarsa ɗaya ce: "Wuta ba ta sallama."

Matsalar ita ce, ba ya tambayarka ko kana so. Ka kawo rediyo don maɓallin murya ya karye, ka dawo ka tarar an ɗaukar maka mai gadi. Na tuna wani manomi daga Tsiga, Malam Mani, da ya sayar da audugarsa ya sayi rediyo mai kyau, irin wanda ke aiki da batir kuma ana iya jona shi. Eriyarsa ce kawai ta lanƙwashe. Da ya zo karɓa, Baffa ya buɗe bayan yana nuna masa sabon aikin da alfahari.

Malam Mani ya duba ya ce, "Malam Iro, wannan jan abin fa?"

"Ɗan gadi ne. In wuta ta zo da ƙarfi shi zai tare ta."

"Wace wutar? Unguwarmu ko turke ɗaya babu. Da batir nake ji."

"Za ta zo. An yi muku alkawari."

"Tun ina da haƙora duka ake mana wannan alkawarin."

Baffa ya mayar da marfi, ya ɗaure, ya miƙa masa. "To ranar da aka cika, kai kaɗai ne a Tsiga za ta tarar a shirye."

Malam Mani ya rungumi rediyonsa ya tafi yana girgiza kai. Malam Sada ya leƙo ta kan kekensa ya ce, "Iro, ka zo ka sa wa almakashina ɗaya, kada a bar shi a baya."

Ga kuma tsimi. In ɗigon dalma ya faɗi ƙasa, sai ya durƙusa ya nemo shi. Ba a jefar da mataccen rediyo a Malumfashi in yana da labari, zai je ya roƙo shi, ya kawo gida ya ce akwai abin cirewa. Ɗakin da Inna Hure ta so ta riƙa ajiye dawa ya cika da gawarwakin rediyo har rufi. Wata shekara kazarta ta ɓace, aka yi nema aka gaji, aka ɗora wa muzuru laifi. Kwatsam wata safiya sai ga ta ta fito daga cikin wani tsohon akwatin rediyo na katako, 'yan tsaki na biye da ita. Inna ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, tun da na aure ka, yau ne rediyo ya fara kawo mana riba." Baffa bai yi dariya ba. Ya shiga ya duba ko sun tsattsage masa waya.

Sai kuma maganar ƙwallo, wadda na san wasu daga cikinku har yau ba su yafe ba. Ɗan Asabe mai shayi ne ya fara kawo talabijin layinmu, baƙi da fari, da doguwar eriya a kan gora. Wata rana farkon damina, bayan la'asar, ana nuna wani babban wasa, kusan duk mazan unguwa na rumfarsa, wasu a benci, wasu a kan kekuna. Wasa ya yi zafi, ga shi an ba 'yan wasanmu bugun daga kai sai mai tsaron gida. Daidai lokacin aka ji wani ɗan rugugi can nesa, ta gabas. Kafin ɗan wasan ya gama gyara ƙwallo, hoto ya ɗauke. Muka waiwaya, sai ga Baffa a bayan talabijin, ya zare waya, ya zare eriya, ya cire fiyus ya jefa aljihu.

Ɗan Asabe ya dafe kai ya ce, "Haba Malam Iro, ba kai da kanka ka sa mata ɗan gadi ba?"

"Wancan na wutar turke ne. Ta sama ba ta da mai gadi. In tsawa ta bi gorar nan, har ku za ta haɗa."

"Hadarin yana can wajen Bakori fa."

"Da mota yake zuwa, da za ka ce sai ya tsaya tasha?"

Da ya ga samari sun fara miƙewa, sai ya tattare rigarsa ya sa gudu. Ban taɓa sanin Baffa na da sauri haka ba. Ya faɗa masallacin unguwa, ya ta da kabbara. Muka yi cirko-cirko a ƙofa, yana sallamewa yana sake tayarwa, raka'a bayan raka'a, a natse, har wani mai rediyo da ke gefe ya ce an tashi wasa. Hadarin kuwa ya zagaye ya wuce, ko ɗigo bai sauka ba. Da ya fito, Liman na zaune a dakali, ya ce, "Malam Iro, ka san dai ba a nafila bayan la'asar."

Baffa ya ce, "Na sani, Allah gafarta Malam. Amma kuma ba a dukan mai salla."

Ya koma rumfar Ɗan Asabe, ya mayar da fiyus, talabijin ta kawo, ana labarai. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Kun gani? Babu abin da ya same ta."

Duk wannan ina dariya ne tare da kowa, har ranar da abin ya zo kaina.

Farkon shekarun tamanin ina aikin malamin gona, ana yawan tura ni ƙauyukan Funtuwa a kan babur. A can na ga Sikira. Tana tsaron shagon yadi na mahaifinta, Alhaji Raimi, Bayarabe ne da ya zo Funtuwa tun yana saurayi da fataucin goro, ya zauna, ya yi gida, ya yi suna. Ita a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Na sayi yadin da ban da buƙata har Malam Sada ya fara tambayata ko shago zan buɗe. Da magana ta yi nisa, aka sa ranar da manyana za su je neman aure. Manyana kuwa su ne Baffa da Malam Sada.

Inna Hure ta san mijinta. Da safen ranar, bayan ya sa babbar rigarsa, ta tsare shi a zaure ta lalube aljihunsa kaf, ta ƙwace gwangwani da filaya da sukundireba. Ta ce, "Malam, don girman Allah, ka zauna inda aka ajiye ka. Ko gidan na ci da wuta, ka fara neman auren tukuna." Ya ce ya ji. Ba ta duba cikin hularsa ba.

Ni na tsaya tashar Funtuwa ina jira, don haka abin da ya faru daga bakin Malam Sada na ji shi, sai kuma Sikira, wadda take laɓe bayan labule tare da mahaifiyarta, Hajiyar da kowa ke kira Iya. An karɓe su da mutunci a babban falo. Ga Alhaji, ga ƙannensa, ga limamin unguwarsu. A kusurwa kuma ga talabijin babba, an yafa mata farin mayafi mai ado, a kunne, an rage murya. Malam Sada ya ce yana ganinta ya san akwai matsala. Baffa ya daure aka gaisa, ya daure aka sha ruwa, ya daure aka fasa goro. Kowa ya zuba masa ido, don shi ne uban yaro. Malam Sada ya zungure shi. Baffa ya buɗe baki, ya rufe, ya share gumi, sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ina jin wari."

Kafin wani ya gane, ya miƙe, ya zare waya, ya tuɓe hula, ya zaro ɗan ƙaramin sukundireba daga naɗinta. Ya buɗe bayan talabijin ya ciro fiyus. Ashe ya daɗe da tsinkewa, wani ya naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli don wuta ta ci gaba da wucewa. Duk duniya babu abin da Baffa ya tsana kamar wannan. Ya warware takardar, ya ɗaga ta sama, ya shinshina, ya ce, "Wa ke shan taba a gidan nan?"

Aka shiga kallon juna, shi kuwa ya ci gaba.

"Takardar cikin kwalin taba ce. Sabuwa ma, ga ƙamshinta nan bai fita ba."

Abin da Baffa bai sani ba, Alhaji Raimi ya yi rantsuwa gaban iyalinsa da abokansa, tun da ya dawo daga Makka, cewa shi da taba har abada. Limamin da ke zaune ma shaida ne. Kuma babu mai taɓa talabijin ɗin nan a gidan sai shi. Daga bayan labule aka ji Iya ta faɗi wata 'yar gajeriyar magana da Yarabanci. Har yau Sikira ta ƙi fassara mini ita.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Malam, aure kuka zo nema ko bincike?"

Baffa, maimakon ya yi shiru, sai ya shiga bayani: shi fiyus an yi shi ne don ya tsinke, takarda kuwa ba ta tsinkewa, wata rana da gidan za ta tafi. Alhaji ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Mun ji. Za mu yi shawara." Ko rakiya ba a yi musu ba.

Ina hango su a tasha na san an yi ɓarna. Malam Sada ya dafa kafaɗata ya ce, "Rabe, sai haƙuri. Mun dai ceto talabijin."

Inna Hure ba ta ɗaga murya ba. Da yamma ta ajiye masa tuwo a gabansa, fari sol. Ya duba, ya ce, "Miyar fa?" Ta ce, "Tana bayan talabijin."

Ni kam dariya ta ƙare mini. Aka aiko cewa kada in ƙara taka shagon. Wata mai kai kayan miya Funtuwa ta kawo wa Inna labarin cewa akwai wani mai motocin haya daga Zariya da ya daɗe yana kai gaisuwa gidan, yanzu kuma an fara sakar masa fuska. Na daina cin abincin kirki. In na dawo aiki sai in shige ɗaki. Ban yi wa Baffa rashin kunya ba, amma gaisuwa kawai ke haɗa mu, shi ma in ya gan ni sai ya shiga neman wani abu a aljihu.

Wata safiya ina ɗaure takalmi sai na ga inuwarsa a bakin ƙofa. Bai shigo ba. Ya daɗe tsaye yana kallon babur ɗina, sannan ya ce, "Rabe, ubanka ne mai baki. Da yana nan, da kafin a gama goro an ba ka. Ni da na ga manyan mutane sun zuba mini ido, sai na rasa inda zan sa kaina." Ya juya ya tafi. Washegari aka wayi gari ba ya gida, ba ya rumfa. Ya hau motar Funtuwa shi kaɗai.

Alhaji ya ce ba zai gan shi ba. Baffa ya ce ba komai, ya nemi gindin durumin da ke ƙofar gida ya zauna, jakarsa a cinya. Hantsi ya yi, rana ta take, ya je ya yi azahar ya dawo mazauninsa. Iya ce ta fara aiko masa da abinci, daga baya ta yafa mayafi ta fito da kanta. Ta ce, "Malam, taso. Mutumin da ya gano mini a zama ɗaya abin da nake nema tun da Alhaji ya dawo Makka ba zai wuni a waje ba." Ashe tun ranar talabijin ɗin a mace take. Ba don babu masu gyara a Funtuwa ba, a'a, Iya ce ta kafa doka: babu mai taɓa ta sai Alhaji ya faɗi duk inda ya ɓoye sauran kwalayen taba.

Alhaji na zaune ya haɗe rai. Ya ce, "Haƙuri ka zo bayarwa?"

Baffa ya ce, "Wajen talabijin na zo."

Ya durƙusa ya buɗe ta, ya jona ƙarfensa, ya sa sabon fiyus, ya fito da ɗan gadi guda ɗaya naɗe a ƙyalle. Lokacin kayan gyara sun yi wuyar samu, shigo da su ya tsaya, gwangwaninsa ya daɗe da bushewa, amma ga shi ya samo. Sikira ta ce sai da kansa ya shige cikin talabijin, ba ka ganin komai sai ƙeyarsa da hayaƙin dalma, sannan aka ji muryarsa na fitowa daga ciki.

"Alhaji, yaron nan maraya ne, ni na riƙe shi. Ba ya ƙarya, ba ya zagi, ba ya shan..." Sai ya tsaya. "Ba ya yawon banza. Gonar ubansa tana nan, shi ke noma ta. Abin da ya faru bakina ne ya jawo, kada ka ɗora masa. In akwai wanda za a kora, ni ne. Ina roƙa masa Sikira."

Alhaji ya ce, "Juyo ka faɗa mini ido da ido."

"In na juyo dalma za ta daskare."

Alhaji ya yi ta maza, ya cije, abin ya fi ƙarfinsa. Ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, ya yi ta yi har da hawaye. Iya ta ce, "Malam Iro, ka ji tarin ko? Shi ma ka duba mana bayansa."

Baffa ya rufe talabijin, ya jona, hoto ya kawo tar. Alhaji ya share ido ya ce, "Ku dawo ranar Juma'a, kai da telan nan. Amma ka bar hular a gida."

Haka aka yi. Malam Sada ya yi magana, Baffa ya zauna kai ba hula, hannayensa a ƙarƙashin cinya, aka ba ni Sikira. Aka sha biki bayan an cire auduga.

Ba mu daɗe da tarewa ba, wata rana da rana tsaka, wuta ta sake yin irin haukanta a unguwarmu. Ƙwaye suka farfashe, mata suka fito tsakar gida suna salati. Da ƙura ta lafa, mutane suka yi layi a rumfar Baffa, kowa fiyus ne kawai ya tsinke masa, ko ɗan gadi ya yi baƙi. A duk layinmu rediyo ɗaya ne ya ƙone ƙurmus: babban rediyon Baffa na katako, wanda yake jin labarai da shi kowace safiya tun da aka jawo wuta.

Malam Sada bai yi ɗinki ba ranar. Ya bi kasuwa rumfa-rumfa yana sanarwa. Mutane suka riƙa zuwa yi wa Baffa jaje da fuskar tausayi, suna fita suna riƙe ciki. Ɗan Asabe ya zo ya tsuguna ya ce, "Malam Iro, da ka faɗa mini, ai na san wani mai gyara da ke sa wani ɗan jan abu." Baffa dai ya ci gaba da canza musu fiyus.

Inna Hure ce ta gaji da tsokanar. Ta kira ni da Sikira ɗakinta ta ce, "Ku dai kada ku yi masa dariya. Ranar da zai koma Funtuwa, tun kafin ya karya na gan shi ya buɗe rediyon nan yana cire ɗan gadin ciki. Shi kaɗai ya rage masa." Sikira ta sunkuyar da kai, ni kuma na fita waje na daɗe ina goge babur ɗin da ba shi da datti.

Labari ya kai wa Alhaji Raimi. Bai yi wata-wata ba ya aiko da sabon rediyo mai kaset, a kwalinsa. Baffa ya yi godiya, ya sa albarka, ya buɗe bayansa ya leƙa, ya mayar da shi kwali. Babu ɗan gadi, ba za a jona ba. Aka ce to ya sa batir. Ya ce batir tsada. Rediyon nan ya yi damina guda a kan kabad, Baffa kuwa kullum da safe sai ya ɗauki kujerarsa ya tafi rumfar Malam Sada jin labarai, yana zaune yana kushe muryar rediyon mai rumfa.

Daga nan shi da Alhaji suka ƙulle. In Alhaji ya zo Malumfashi ganin jikoki, a rumfar Baffa yake wuni, suna musu a kan farashin taki, da wanda ya fi wani tsufa, da ko goron wane gari ya fi. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ban kuma taɓa ganin sun rabu ba tare da ɗaya ya raka ɗaya tasha ba.

Ƙarshen shekarun tamanin, lokacin yankan dawa, ciwo ya kwantar da Baffa. Ya ɗan kwana asibiti, ya ce a mai da shi gida. Sikira ce ke dama masa kunu, kullum sai ya ce ta cika sukari, kullum kuma sai ya shanye. 'Yarmu ta fari, wadda muka sa wa sunan Inna, takan hau gadon ta zauna kan ƙafafunsa, in an zo ɗauke ta ya ce a bar ta, nauyinta na rage masa ciwo. Wata Alhamis da hantsi ya cika, Inna na riƙe da hannunsa.

Alhaji Raimi ya iso kafin a gama wanka, da sandarsa, yana ja da ƙyar. Da aka ɗauki makara, ya miƙa wa Malam Sada sandar ya sa kafaɗa. Aka yi ta roƙonsa ya bari samari su karɓa, ya ƙi, har bakin kabari. Da muka dawo ya zauna a zaure ya rufe fuska da hannun riga, ya ce da ni, "Rabe, yanzu da wa zan yi musu?"

Allah ya jiƙan Baffa Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Yadda ya riƙe maraya bai taɓa bari ya ji maraici ba, Allah ya riƙe shi da rahamarsa, ya haɗa shi da wansa da Inna Hure da abokan musunsa a gidan Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.